Sista Rabi, Mai Gadin Barcin Marasa Lafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakiyar yi wa wata tsohuwa awon jini a ɗakin kwanciyar mata, wayata ta motsa a aljihu. Ba ta yi ƙara ba, domin Sista Rabi, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, ta hana. Na duba, sai ga saƙo wai Sista Rabi ta rasu. Ta idar da sallar asuba a gidanta na Ƙofar Kwaya, ta ce kanta na sarawa, ko mota ba a kai ga kawowa ba. Jiya-jiyan nan fa take yi mini faɗan takalmina mai ƙwas-ƙwas. Wallahi har yanzu na kasa gaskatawa.

Yaƙinta ɗaya ne a asibitin nan: hayaniya. Ta ga yadda jinin mara lafiya ke hawa idan 'yan dubiya sun cika ɗaki da gaishe-gaishe da ƙarar kuloli. Ta ga mu ma kanmu na ɗaukar zafi har mu kasa jin mai kiranmu. Amma ba ta taɓa korar kowa ba. Takan tare 'yan dubiyar a gindin bishiyar bedi, ta amsa gaisuwa tun daga gajiya har mutan gida, sannan ta shigar da su bibbiyu. Wani ɗan kasuwa da ya zo duba matarsa ya taɓa fusata, ta ce, "Alhaji, mi ya yi zafi? Gaisuwarka na iya jira, barcin Hajiya ko in ya gudu sai gobe." Mu kuma takan ce mana, "Ɗiyana, barci ma magani ne, kada ku zubar ma mutane da shi." Daga gidanta take kawo man gyaɗa ta shafa wa tayoyin gadon tura marasa lafiya.

Da na nuna wa Hadiza, abokiyar aikina, saƙon, ta buɗe baki za ta kurma ihu. A gadon da ke kusa da mu akwai wata baiwar Allah mai hawan jini, wadda sai da safen nan barci ya ɗauke ta. Na toshe wa Hadiza baki da tafina, nawa hawayen na zuba. Muka cire takalma, muka lallaɓa har gindin bedin. A can muka yi kukanmu. Matar ba ta farka ba.

Allah ya jiƙan Sista Rabi, ya gafarta mata, ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi. Ya Allah, ta tsare wa bayinka barcinsu. Ka yalwata mata kabarinta, ka ba ta nata barcin cikin salama har ranar tashi. Amin.