Injiniya Tanimu da Ƙugiyar Hanci

Marigayi Injiniya Tanimu bai taɓa ganin igiya ɗaure da wani abu ya wuce ba, sai ya duƙa ya ga inda aka ƙulla ta. Ku da kuka zauna da shi a Doha kun sani. Ranar da motata ta mace a hanyar Thumama, da babbar rigarsa ta Juma'a ya shige ƙarƙashinta, ranar kuwa ta isa ta dafa ƙwai a aljihu. Mai motar ja yana ta "Yalla, yalla!", wai a yi sauri. Injiniya ya leƙo ya ce, "Malam Sabo, gaya masa yallar nan ce ta cika maƙabarta."

Gyaran jiragen sama ne aikinsa, amma ransa yana kan 'yan ƙananan da yake haɗawa a falonsa. Mai inji ya ja marar inji da igiya zuwa sama, a sake shi ya yi ta shawagi kamar shirwa. Ni ke riƙe rimot ɗin mai ja. Bazazzagi da maƙo! Igiyarsa ragowar ta masunta ce daga bakin tekun Corniche, ƙugiyarsa kuwa wayar rataye kayan matarsa. Hajiya Binta ta ce min, "Ka yi wa abokinka magana, rigunana duk sun dawo ƙasa."

Dokarsa ɗaya: ƙugiya a hancin jirgin da ake ja, ba a cikinsa ba. Ko atishawa ka yi, sai ya kawo zancen.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa aka ce ya koma Zariya, burinsa bai wuce ya ga babban jirginsa marar inji ya tashi ba, wanda fikafikansa suka hana Hajiya share falo shekara guda. Muka ƙarasa masa shi a gurguje, muka kai shi bayan gari da la'asar, ana gobe zai tafi. Yana kwance a kujerar mota ya ce, "Ku juya min cikinsa."

Ai kuwa a cikin muka maƙala ƙugiyar, don nan muka tarar da rami.

"Ba zai tashi ba," in ji shi.

"Haba Injiniya! Rana na faɗuwa. Abin wasa ne fa, ba mutum a ciki!"

"Bakano sarkin gaggawa," in ji shi. Sannan ya ce lokacin da yake karatu a Turai ya ga na gaske. An ɗaure na bayan ta ciki, ya zabura sama, ya ɗaga wutsiyar mai ja, ya kifa shi ƙasa. Malaminsa ne ke tuƙa mai jan, bai fito da rai ba. "Da safen ya ba ni rabin burodinsa."

Na ciro ƙugiyar daga cikin jirgin. Muka durƙusa a kan yashi, manyan likitoci da injiniyoyi, muna huda hancin jirgi da tsinken tsire. Daf da magariba ya tashi. Wallahi ya yi kyau! Muna ta ihu kamar yara, ni ina ihu ina share ido.

Na juyo, ashe idonsa bai kai can ba. Ya riƙo hannun rigata.

"Mai ja ya sauka?"

"Ya sauka lafiya, Injiniya."

"To, khalas, shi ke nan. Mu yi salla."

Bai cika wata a gida ba. Allah Ya jiƙanka Tanimu, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya Binta da mu haƙurin rashinka.