Ranar da Ɗalibata Ta Nuna Mini Kore

Shekarun baya, ina sabon malami, aka tura ni wata firamare a bakin ruwa kusa da Warra, aka ba ni aji uku. A lokacin ji nake babu abin da ban sani ba.

Wata Alhamis na shirya koya wa yara haɗa launi. Na sayo garin kala a kasuwar Yauri, ja da shuɗi da rawaya, muka dama a gwangwanayen madara, muka yi burushi da gashin kaza. Muka zuba shuɗi a rawaya, kore ya fito. Muka zuba ja a rawaya, ruwan goro ya fito. Yara suka cika ajin da sowa, kowa hannu ya yi kaca-kaca.

A cikin hayaniyar gwangwanayen suka cakuɗe. Na ɗauki ɗaya, na zana ganyen mangwaro a takarda, na ɗaga na ce, "Ga kore."

Wata yarinya mai shiru-shiru, ɗiyar wani masunci, ta ɗaga hannu. "Malam, wannan ba kore ba ne. Ruwan goro ne."

Na duba ganyen, ni dai kore nake gani. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Na tambayi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Sai na ɗauka raini ne, na sa ta durƙusa har aka tashi.

Ranar Asabar na je gida Yauri da takardar a jakata. Ina ba mahaifiyata labarin rashin kunyar yaran zamani, na miƙa mata. Ta duba, ta dube ni.

"Ɗan nan, wane mangwaro ne da ganye ruwan goro?"

Na sake duba takardar. Ta ce, "Ka manta tun kana ƙarami na daina aikenka tsinko barkono? Ɗanye da nunanne duk ɗaya ne a wurinka. Na ɗauka wauta ce." Daga baya likitan ido ya tabbatar mini haka aka haife ni, akwai launukan da idona ba ya rabewa.

Ranar Litinin yarinyar ba ta zo ba, Talata ma haka. Aka ce babanta ya ce ta gama boko. Na bi ta gida, na tarar da shi yana ɗinkin komar kamun kifi kusa da kwalekwalensa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, haƙuri na zo bayarwa. Ɗiyarka ce da gaskiya, ni ne ban gani ba."

Ya ajiye komar. Sannan ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba, Malam. A gaban wa ka durƙusar da ita?"

Washegari ta dawo. A gaban ajin na ba ta haƙuri, na gaya musu matsalar idona. Na zaci za su yi mini dariya. Ba wanda ya yi. Muka sake darasin, su suna haɗawa suna gaya mini abin da ya fito, ni ina rubuta sunan a jikin gwangwani. Ban taɓa ganin sun riƙe darasi kamar wannan ba.

Yarinyar ta ƙare firamare, ta wuce sakandare. Ni kuwa har yau ina koyarwa, kuma duk lokacin da yaro ya ce, "Malam, ba haka ba ne," kafin raina ya ɓaci nakan ce masa, "Taso ka nuna mini."