Direban da Ya Kauce Mana a Cikin Ruwan Sama

Ranar Talata, sha tara ga watan Agusta, jim kaɗan bayan la'asar, babban ɗanka ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Ina tsaye a kantin magani da takardar likitanka a hannu, ina jiran a ɗauko allurar da aka ce a gwada maka. Na ninke takardar na sa a aljihu, na fita na zauna a kan dakalin kantin. Ban yi kuka ba a lokacin. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda na daɗe ina gani a fuskarka. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, kuma can dukkanmu muka nufa.

Direbobin manyan motoci Tukuna suke kiranka, domin duk wanda ya so ya hanzarta ka, amsar da zai samu ke nan. Ni Yaya nake ce maka, kai kuma kana ce mini Malam saboda aikina na koyarwa. A wurin zaman makoki mutane da dama sun yi mini gaisuwa a matsayin ƙaninka, ban kuma gyara wa kowa ba. Amma ya kamata a san yadda muka haɗu.

Shekara goma sha uku ke nan. Wata rana da damina, wajen ƙarfe uku na yamma, ina tuƙa 'yar ƙaramar motata mai launin toka, matata na gefe, 'ya'yanmu mata biyu na baya. Ruwa ake yi sosai. Ban kunna fitila ba, domin a tunanina fitila ta dare ce, ni kuwa ina ganin hanya. Wata tirela ta tare mini gaba tana watso mini ruwa daga tayoyinta, har na ƙosa, na fita hannun masu tahowa don in wuce ta. Ina shiga cikin feshin sai ga fitilunka a gabana. Kana ɗauke da buhunan siminti. Abin da na gani na ƙarshe shi ne kan motarka yana juyawa zuwa gefen titi, sannan na ji ƙarar da har yau ba ta bar kunnena ba. Motarka ta gangara cikin rami ta kwanta. Mu ko ƙwarzane ba mu yi ba.

Ni da wasu matafiya muka zaro ka ta gilashin gaba, ƙugu da cinya a karye. A motata aka kai ka asibiti. Danginka suka yi ta sa mini albarka, suna cewa ga bawan Allah da ya tsaya ya taimaki wanda bai sani ba. Kamfanin da kake wa aiki kuma ya yanke cewa gudu ka yi, ko barci ya sace ka. Kwana tara ina zuwa duba ka, ina karɓar godiya ina yin shiru. Matata ce ta ce mini ba za ta iya ci gaba da zuba mini abinci tana kallon fuskata ba muddin ban faɗi gaskiya ba.

Na same ka kai kaɗai, an rataye ƙafar da ƙarfe. Na faɗa maka komai ina kallon ƙasa.

"Na sani," ka ce. "Tun da kuka sa ni a motar na gane launinta. Yara nawa ne a baya?"

Na ce biyu.

"To, tafi tukuna, Malam. Yau ba na son ganinka."

Ba zan mayar da kai abin da ba kai ba ne don ka mutu. Ka yi fushi, fushi mai tsawo. Wata huɗu ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini kana barci. Na je kamfanin na ba da shaida da bakina, suka wanke sunanka, amma ƙafar ta riga ta sandare, ba ta iya taka birkin babbar mota. Shekara ashirin da shida a kan sitiyari ba ka taɓa buge ko akuya ba, aikin ya ƙare a yammaci ɗaya.

Ranar da ka yarda ka gan ni, ba maganar yafiya ka yi ba. Ka sa aka kai mu tashar manyan motoci, ka roƙi wani abokinka ya bar ni in hau kujerar direba, ana yayyafi. Ka tsaya a ƙasa da sandarka kana nuna mini. Ka ce in dubi madubin gefe: ɗigon ruwa ya rufe shi. Ka ce in dubi gilashin gaba: waifa rabi take sharewa, sauran duk dishi-dishi, ga tururin numfashi yana kamawa ta ciki. Ka bayyana mini cewa idan mota tana gudu tayoyinta suna tayar da ruwa kamar hayaƙi, sama toka, kwalta toka, ƙaramar mota ma ta koma toka. Fitila biyu ne kaɗai ke ratsa wannan. Kuma mota mai kaya ba ta tsayawa inda aka taka birki, sai ta ja tsawon filin ƙwallo kafin ta saurara. Ka ce da na kunna fitila da ka hango ni tun daga nesa, ka rage gudu, in wuce in koma hannuna, iyakarta ka zage ni ta taga. Daga nan ka ce in sauko in kai ka gida, ƙafar ta gaji.

A tashar nan ka samu aikin gadin ƙofa. Da damina ba ka ɗaga wa kowa ƙarfen ƙofa sai ka zagaye motarsa da tsumma, ka goge laka daga fitilun gaba da na baya, ka sa an danna trafiketa ka gani. Direbobi suna ta hon, kana cewa tukuna. Wani ya taɓa ce maka ko matarsa ba ta bincikensa haka, ka ce ai shi ya sa ta bar maka aikin. Kana faɗa musu kada su ɗaga babbar fitila a cikin ruwa, haske yake dawo wa mutum a ido ya kuma makantar da mai tahowa. Wasu sun ji. Da yawa suna fita ƙofa su kashe. Kana ganinsu, ka koma kan bencinka ka miƙe ƙafar kana matsa ta.

Da babbar 'yata ta isa koyon mota, kai ka ce a kawo maka ita. Ka zauna a gefenta sati shida, ba ka taɓa ɗaga mata murya ba, ba ka kuma taɓa gaya mata dalilin ɗingishinka ba. Ni na gaya mata daga baya. Ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kai ne kuma ka kira ta ka ce ta daina, mahaifi ba abin wasa ba ne.

Shekarun ƙarshe sun yi nauyi. Wurin ƙarfen da aka sa maka a cinya ya riƙa ruruwa, ga ciwon ƙoda ya shigo. Mun san kowane benci a asibitin nan, mun san wace fanka ce ke aiki. Sati biyu kafin rasuwarka ana ruwa, an kwantar da kai kusa da tagar da ke kallon babban titi. Kana bin motoci da ido, rabinsu babu fitila. Na zaci za ka yi faɗa kamar yadda ka saba.

"Na gaji, Malam," ka ce. "Ja labulen."

Na ja.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka a gajiye. Ka hutar da shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ciwon shekara goma sha uku ya zama kankarar zunubansa. Rai huɗu ya zaɓa a kan lafiyarsa cikin ƙiftawar ido, Ka saka masa da Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa biyar, da ƙannensa, da abokan aikinsa na tasha. Ga maiɗakinsa kuma, wadda ta ɗauki nauyin gidan a kanta tun daga wannan damina, ta yi jinya ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba: na san gaisuwata kike amsawa ba ki taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba, kuma kina da gaskiya. Shi ya yafe nasa, naki yana hannunki, ba zan matsa miki ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.