Wainar da ba ta ga mai ba

A lokacin ina shekarata ta biyu a Landan, matar ɗalibi, ga son girki ga taurin kai. Da likita ya ce ina da ciwon suga, sai na yanke wa kaina cewa maƙiyana biyu ne kawai, sukari da mai. Na daina zuba sukari a shayi, na haƙura da waina, ina ganin na gama da ciwon.

A saman flat ɗinmu akwai wata dattijuwa 'yar kudancin Indiya, Anti nake ce mata. Wata safiya ta kawo mini idli, fari tas kamar waina, sai dai turara shi ake yi, ko ɗigon mai babu. Na ce alhamdulillahi, Allah ya kawo wainar marasa lafiya! Kullum sai na share kwano guda, har ina yi wa maigidana gori wai na fi shi sanin abincin kirki. Da na koma asibiti, nas ta duba sakamakon jinina, ta ce in bai sauka ba, bana babu maganar azumi. Wallahi a cikin tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, na yi ta kuka.

Nas ɗin ce, da ta ji labarin idlin, ta ce in tambaya da me ake yin abin. Na hau sama da kunyata, Anti ta buɗe mini roba: shinkafa ce da wani farin wake, an jiƙa, an niƙa, ya kwana ya tashi. Ƙullun waina sak! Ashe sitacin da ke tayar da suga a cikin shinkafar yake, da mai ko babu. Daga nan muka riƙa auna hatsin kafin a jiƙa, mu duba sitacin da aka rubuta a jikin leda, mu raba da yawan idlin da ya fito. Na koma cin biyu, sauran cikin kuwa miyarta ta sambar ke cikawa, mai kayan lambu da 'ya'yan zogale, ita ma waken da ke cikinta sai da muka sa shi a lissafi.

Suga ya sauka, likita ya yarda, na yi azumina lafiya lau. Ranar sallah muna dawowa daga Idi a Regent's Park na soya waina na kai wa Anti, na ci biyu a gabanta muna dariya.

'Yan'uwa, na koyi cewa hasashe ba magani ba ne. Kada farin abinci da rashin maiƙonsa su ruɗe ku, ku tambayi abin da aka jiƙa. Kunyar tambaya ce ta kusa cinye mini watan azumi.