Magini Daga Bakin Teku

Ƙarfe bakwai da rabi, bayan an kwashe kwanonin tuwo, mu huɗu ne a bakin murhu: ni, da yayata Hadiza, da ƙanena Sani, da kakarmu Iya Tsahara. Haka tsarin yake kullum a gidanmu na Sabon Gari, tun Faransawa ba su tafi ba. Iya ba ta fara tatsuniya sai kowa ya wanke hannu ya zauna a wurinsa. Nawa wurin yana damanta, don ni take kira maigida.

Ran nan ta tura kara cikin wuta ta ce, "Yau babu kura, babu zomo. Maigida, daina wasa da toka. Labarin ubanku ne."

Ta ce bayan ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maradi, aka dawo da mutane kan tudu. Tudu kuwa ba ruwa, sai rairayi, mata na sauka gulbi da tulu tun asuba. Babanmu yana saurayi a lokacin, ya koyi haƙar rijiya wurin kawunsa a fadamar Tsibiri, inda ruwa ke kusa. Ya ce shi zai haƙa wa unguwa rijiya, ya kuwa fara.

Maƙwabcinsu wani magini ne da ya zo daga Kwatano, can bakin teku, yana gina ɗakunan ajiyar gyaɗa. Ba ya salla, Hausarsa guntu-guntu, ana ce masa Ɗan Teku. Ya leƙa ramin, ya ce wannan ƙasa ba ta riƙe kanta. A fara zuba zoben siminti a sama, a riƙa haƙa ta cikinsa yana nutsewa, a ɗora wani.

"Aka yi ta dariya," in ji Iya, "har da ni. Na ce masa, kai baƙo, a garinku baki ake fara yi wa rijiya kafin ciki?"

Babanmu ya ci gaba da haƙa yadda ya koya. A kwana na tara bangon ramin ya rufta, rairayi ya binne babanmu har ƙirji. Duk wanda ya matso, sai ƙasa ta ƙara zubowa. Ɗan Teku ya kori kowa baya. Ya sa aka cire kai da gindin gangar ƙarfe, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da ita, ya zura ta kewaye da babanmu ta tare rairayin. Sannan ya dinga kwashe na ciki da ƙoƙo, daga hantsi har la'asar. Bayan sati biyu suka sake haƙar tare, yadda ya faɗa tun farko, har suka tarar da ruwa.

Sani ya ce, "Iya, mene ne sunansa?"

Ta ce, "Shekara huɗu katanga ɗaya ta raba mu. Na kai masa fura, ya gyara mini rumbu, ban taɓa tambaya ba. Da aikinsa ya ƙare ya shiga mota ya tafi." Ba ta rufe labarin yadda ta saba ba. Ta ce mu tashi, ta yayyafa wa wuta ruwa.

Ina yaro na ɗauka labarin jarumta ne. Sai da na yi furfura na gane laifinta take faɗa mana, wanda kuma namu ne duka. Baƙi irinsa sun gina mana shaguna, sun koya wa yaranmu ɗinki da kafinta, mu kuwa da sunan garuruwansu muke kiransu har suka tafi. Rijiyar tana nan, an rufe ta da kwano tun da famfo ya zo. Na taɓa sa aka duba zobban da fitila ko ya rubuta wani abu. Bai rubuta komai ba.

Ina da littafi da na jera sunayen zuriyarmu, daga kakan Iya zuwa jikokina. Tsakanin babana da ni na bar layi ɗaya babu rubutu, domin da ba don mutumin nan ba, da babu ni. Mai karatu, in a danginku akwai tsohon da ya san wani magini ɗan Kwatano da ya zauna Sabon Gari a zamanin Faransawa, ka je ka tambaye shi sunan tun yana raye, ka kawo mini in cike layin.