Malamar da Ba Ta Tsallake Suna

Kafin kowa ya iso majami'a ranar Alhamis, Malama ta riga ta buɗe tagogi, ta goge bencina da tsumma, ta zauna a kujerarta mai gurguwar ƙafa wadda ta hana a canza mata. Sai ta ciro tabarau, ta hura masa iska, ta goge da bakin zani, ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana karanta wa zumuntar mata, mu da karatu bai zauna mana ba. Ni aji uku na yi, shi ma rabinsa hira ce. Wata mai zuwa za ta ajiye aikin, idanu sun gaji. Shi ya sa na ɗauki biro, ku yi haƙuri da rubutun.

Laifinta ɗaya ne a wurinmu: ba ta tsallake suna. Kun san wuraren nan da ake jero wane ya haifi wane, shafi guda babu labari. Wasu masu karatu sukan yi tari su juya shafin. Ita kuwa sai ta ɗora yatsa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har matar mai gyaran keke ta yi barci ta farka ta tarar ana nan. A bayan idonta Mama Wane muke ce mata. Ni na raɗa sunan, kuma na san ta sani. In mun yi ƙorafi takan ce kowane suna a nan wata ce ta yi naƙudarsa, ta wanke masa kashi. Allah ya yi wa na farko alkawari, bai manta ba har kan na ƙarshe, to ita wace ce da za ta yi gaggawa?

Bara waccan 'yar mai wanki ta dawo daga inda take aiki da jariri a baya, babu miji. Ba zan ɓoye ba, ni na fara kai labarin gida gida, har na ƙara masa gishiri. Yarinyar ta zo sau biyu ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, babu wadda ta karɓi yaron ta yi masa wasa. Daga nan ta daina zuwa. Uwarta ta shaida wa Malama cewa yarinyar tana haɗa kaya, za ta tafi inda ba a san ta ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Malama ta buɗe jerin kakannin Almasihu. Na gyara zama don gyangyaɗi. Sai ta tsaya a kan wani suna, ta dube ni ta saman tabarau.

"Iya, ke da babu labarin da ke wuce ki, kin san wannan matar?"

Na ce ba a layinmu take ba. Aka yi dariya. Ta ce to in buɗe kunne. Wannan karuwa ce a garin abokan gaba. Ta matsa da yatsa: wannan baƙuwa ce, mijinta ya mutu, tana kala a gonar mutane. Wannan kuma matar soja ce, sarki ya ɗauke ta, abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Barci ya gudu. Na ce da a nan suke, da sai na yi wata guda ban gama da su ba.

"Na sani," in ji ta. "Amma duba, ga su a jeri, ga 'ya'yansu. Allah bai goge ko ɗaya ba. Ta cikinsu ya bi ya cika alkawarinsa."

Ba ta ambaci kowa ba. Ta ci gaba da karatunta.

Na koma gida abinci ya ƙi ciwuwa. Da yamma na je gidan mai wanki, na tarar da yarinyar tana ninke kayan jariri cikin jaka. Ba ta ba ni wurin zama ba, ban kuma ga laifinta ba. Na ce mata bakin da ya kore ta shi ne ya zo roƙo. Na miƙa hannu, ta daɗe tana kallona kafin ta ba ni yaron. Nan take ya yi min fitsari a cinya, na ce na cancanta. Ta yi dariya da hawaye a ido. Jakar nan ba ta bar ɗakin ba.

Malama, ke ce mai haƙurin da ya fi ƙarfin surutunmu. Ke ce kika nuna mana Allah ba ya gajiya da zuriyar mutane, masu kyan labari da marasa shi. Kin gyara ni a gaban jama'a ba ki kunyata ni ba. Na gode, Ubangiji ya saka miki.

Ku kuma masu tasowa, ku koyi halinta, ku riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kada ku juya shafi a kan kowa. Yaron nan yanzu Kaka yake ce min, kuma duk bakin da ya taɓa shi, da ni zai yi.