Guringuntsin da Ya Ƙi Girma

Har yau ban manta da ranar da yayana, Malam Idi, ya zo daga Kibiya da 'yarsa Ladidi a kafaɗa ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a birni.

Likitan da nake ƙarƙashinsa yana wani bincike. Nakan sayo masa ƙwai a Rano, mu ciro guringuntsin ƙafar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, mu sa a ƙananan farantan gilashi da ruwan da ke ciyar da shi, cikin akwati mai ɗumi. Wasu farantan a bar su, wasu a kai su ƙarƙashin injin hoton ƙashi su daɗe. Waɗanda aka bari sai su riƙa tsawo. Waɗanda suka sha hasken kuwa sai su tsaya cik.

Ladidi ta faɗo ne daga bishiya, gwiwarta ta kumbura. An yi mata hoto, likita ya ce babu karaya, hutu kawai take bukata. Amma a wajenmu lokacin ana ɗauka injin ne ke warkarwa. Yaya ya ce tunda ciwon bai sake ta ba, in yi amfani da matsayina a riƙa sa ta kullum har ta miƙe.

Na ce ba zan yi ba. Sai ya ce, "Sale, ni na goya ka. Yau 'yata ce za ka hana wa magani?"

Maganar ta soke ni. Sai na roƙi likita izini na shigar da Yaya ɗakin gwaje-gwajen. Na ajiye masa faranti biyu: ɗaya guringuntsinsa ya yi tsawo, ɗaya kuma ya sha hasken ya tsaya ƙarami. Likita ya yi bayani ina fassarawa: a bakin ƙashin yaro akwai irin wannan guringuntsi, daga nan yake tsawo. Hoto ɗaya ba ya cutarwa, hasken da farantan suka sha ya ninka nasa nesa ba kusa ba, amma ba a tara wa yaro shi babu dalili.

Yaya ya daɗe yana duban ƙaramin. Ya tambaya ko zai ƙara girma in an daina. Na ce ba mu taɓa gani ba.

"To ɗauko min Ladidi mu koma gida," in ji shi.

Bai yi mini sallama sosai ba. Sai bayan kaka, da na je gida, Ladidi ta taro ni da gudu ta karɓi kayana. Shi kuwa ya matsa mini a tabarma, bai ta da zancen ba.

Ku da kuke kama aikin asibiti yanzu, ku sani mutanenmu ba taurin kai gare su ba, tsoro ne da ƙauna. In za ku hana mutum abu, ku nuna masa dalili da idonsa. Hana ɗan'uwa ya fi komai wuya a wannan aiki, wata rana kuma shi ne maganin.